Kek ɗin Sallah ya lotsa, maigida ya koma cin abinci a waje

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, ya iyali, ya haƙuri da mu? Ni matar aure ce a Unguwar Dosa, Kaduna, shekarata tara a ɗakin miji, 'ya'yanmu uku. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, maigidana kuma ma'aikacin gwamnati ne.

Tun shekarar da aka kawo ni, ni nake yi wa danginsa kayan Sallah, ƙarama da babba: cincin, dublan, kek, wani lokaci har da alkaki. Da farko neman shiga ne ya sa na fara, yanzu abin ya zama kamar dole. Gida shida nake kaiwa: na Hajiya, na yayyensa mata biyu, na ƙannensa biyu, da na kawunsa a Tudun Wada. Kuɗin cefanen Sallah da yake ba ni ba ya kaiwa ko'ina, daga albashina nake cikawa, kuma ban taɓa faɗa masa ba.

A ƙaramar Sallar da ta wuce, ina tsakiyar gashi aka ɗauke wuta. Na mayar da kek ɗin cikin tukunyar yashi a kan gawayi, ƙasansa ya ƙone, tsakiyarsa ta lotsa. Haka na kai, don ba yadda zan yi. A gaban jama'a babbar yayarsa ta ɗaga shi ta ce, "Amaryarmu an tsufa, hannu ya fara mantuwa." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Washegari sai ga shi da kek na kanti, ya kai wa Hajiya.

Tun daga nan kusan duk Asabar sai ya kwashi yara sun tafi cikin gari cin shawarma da kaza da askirim. Sau uku ya ce in shirya mu je, na ce ni ba na cin abincin titi. Yanzu ya daina tambaya. Su dawo a ƙoshe, tuwona ya kwana a kula. Ƙaramin har ya fara cewa shi ba ya son miyar kuka. Anti, ji nake an raina hannuna, ga babbar Sallah tana ƙaratowa. In zare hannuna daga komai kowa ya gane kurensa, ko in dage in yi wanda ya fi na kullum in rufe bakin kowa?

Ƙanwarki, Maman Hanif.

Amsa:

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Sannu ƙanwata, sannu da ɗawainiya.

Hanya biyu kika shimfiɗa kika ce in zaɓa miki, ni kuwa ba wadda zan ɗora ki a kai. Duba su da kyau. In kin shiga yajin girki, don yayar maigida ta ji a jikinta ne. In kin kwana uku kina murza fulawa, don dai ita ɗin ta gani ne. Ko ta ina aka bi, ita ce ke riƙe da muciyar gidanki daga can ɗakinta. Matar da ta yar da magana ɗaya ta wuce, mai yiwuwa ma ta manta ta faɗa, ba ta kai ki ba ta wannan matsayi ba.

Amma kafin in yi miki faɗa, bari in ba ki gaskiyarki. Abin da ta yi bai kyautu ba. Wanda aka kawo wa abu har ɗaki, bai saya ba, bai hura wuta ba, abin da ke kansa shi ne "an gode, Allah ya ƙara buɗi". Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yara ma suna haddace wannan a Islamiyya, sai dai mukan manta da shi daidai lokacin da aka buɗe kular matar ƙaninmu. Da ƙanwarsa ce ta faɗa, sai in ce wasan ƙannen miji ne, ki rama da wasa a wuce wurin. Yaya kuwa kusa da uwa take, ya kamata bakinta ya fi haka nauyi.

Na san ba maganarta ce ta fi ci miki rai ba, murmushinsa ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba zan wanke shi ba. Kalma ɗaya ta ishe shi a wurin, ko da "Yaya, wuta aka ɗauke mata" ce. Sai dai na sha ganin maza, manya da gemunsu, da zarar sun zauna gaban uwa da yayye sai su koma yaran da ake aike, su rasa inda za su sa fuska, sai yaƙe. Shi kuma kek ɗin kanti fassara biyu gare shi. Ke kin karanta shi da "ga wanda ya fi naki". Yana iya zama kuma mutum ne ya ga an kunyata matarsa, ya rasa ta cewa, ya je ya sayo abin toshe bakin mutane. Maza da yawa gyaran da ake yi da kuɗi kaɗai suka iya. Kusan wata biyu ke nan kina yanke hukunci kan fassara ɗaya, ba ki tambayi mai shi ba.

Ga inda nake so ki tsaya ki daɗe. Kin ce ba ki taɓa faɗa masa daga albashinki kike cikawa ba. Shekara tara, Sallah biyu a shekara, gida shida: sau 108 ke nan kina ɗaura kaya kina aikawa, mai gidan bai san nawa abin yake ci ba. Da can wataƙila giɓin ɗan kaɗan ne, ana iya haɗiye shi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur kuwa, ba abin da ya tsaya inda yake: fulawa, sukari, man gyaɗa, bota, kiret ɗin ƙwai, gas, har kuɗin keken da zai kai ki kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma ni da ke mun san malamar makarantar kuɗi sau da yawa ko hakan ba ta gani a ƙarshen wata. Da wannan kike ciyar da sunan gidan wani.

A idonsa, abin da yake bayarwa yana isa har da ragi, tunda bai taɓa ganin rami ba. Kin rufa masa asiri har asirin ya ɓuya a gare shi. Mutumin da ya ɗauka cefane ya wadatu shi ne ke ganin yana da rarar kai yara cin kaza duk mako. In faɗa miki ba kwana-kwana: wani yanki na shawarmar nan da ke ƙona miki rai, albashinki ne ke biya. Ciyarwa a kan miji take, wannan ba sai an je gaban malam ba. Kayan Sallah ga dangi kuwa alheri ne, ba farilla ba, kuma alherin da ake yi da sunansa ya kamata ya san farashinsa.

Saboda haka ki ɗauki biro da takarda ki shiga Kasuwar Shehu Gumi, ko ki bari Talata ki je Kawo, ki ji farashin komai daga bakin masu kaya, na yau ba na bara ba. Mudun fulawa nawa, sukari nawa, galan ɗin mai nawa. Ki sa gawayi, ki sa kuɗin aike, ki sa har robar fentin da ake zuba cincin a ciki wadda ba ta taɓa dawowa. (Ban san macen da ba ta bin wani gida bashin roba ko kula a garin nan ba. Tawa mai ruwan toka tana Malali tun bikin sunan da yaron yanzu ya shiga aji uku.) A ƙasan takardar ki rubuta kwana nawa aikin yake cinye miki.

Lokacin miƙa ta yana da muhimmanci. Kada ya zama daren Asabar, sun shigo da ledoji kina cika kina batsewa. Kada kuma ya zama jajibiri, kuɗi sun riga sun tafi wurin rago. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne, tun bai taka Zango ya fara taya ba. Ya ci ya sha, yara sun kwanta, ki ce: "Baban Hanif, ga lissafin kayan Sallar da muke kai wa gidajenmu. Shekarun nan ni nake cika abin da ya rage, nauyinka ya hana ni faɗa, bana kam ba zan iya ba. Duba ka ga wanda za mu iya." Ki lura, gidajenmu na ce, ban ce danginka ba. Daga nan ki ja bakinki ki bar takarda ta yi aikinta. Zai iya jin kunya, kunyar ma ta fito da kamar faɗa: "To me ya hana ki faɗa tuntuni?" Tambayar tana kan hanya, ki amsa da cewa kin yi kuskure, ki tsaya a nan.

Maganar murmushi kuma ki ware mata wata rana daban, jimla ɗaya tak: "Ran nan da Yaya ta yi maganar nan ka yi murmushi, abin ya tsaya min a rai." Kada ki jawo tarihin shekara tara ki ɗora a kai, zai nutse.

Sa'arki ɗaya, babbar Sallah ce ke tafe, Sallar nama. Ranar yanka ana fama da kayan ciki, washegari suya, ga kai da ƙafa suna jiran babbaka, ga mai son dambun nama. Ba wanda zai kwana da yunwar kek. In za a rage wata al'ada ba a ji ƙararta ba, a wannan Sallar ake ragewa. Na Hajiya kada ki taɓa shi, ki ma ƙara kyautata shi, uwa uwa ce. Kawu dattijo ne, a kai masa ɗan madaidaici. Sauran gida huɗun kowanne akwai mace da murhu a cikinsa. Ki kira babbar yayar da kanki, da ladabinki, ki ce: "Yaya, bana aiki ya yi min yawa, ga makaranta. A turo min 'yanmata su kama min, kowane gida ya zo da fulawarsa da mansa, mu yi gaba ɗaya a raba." Ko ta turo, ko ta ce a bar shi bana. Duk wanda ta zaɓa kin sauke kaya, kuma ba wanda zai ce kin yi rashin kunya.

Haka ma muka taso muna gani a Tudun Wada. Tabarma a tsakar gida, wata tana murzawa da kwalba, wata tana yankawa a tire, wata a bakin kasko ta ɗaure goshi da ɗankwali saboda hayaƙi, mu yara muna zagaye muna satar na gefe da zafinsa muna hura yatsu. Har maƙwabciyarmu, wata 'yar Kagoro, takan shigo da tata kwalbar, in Disamba ta zo a tura mu mu kama mata na Kirsimeti. Cincin bai zama aikin mace ɗaya ba sai da muka shige filat muka turo ƙofa. Alkaki kuwa ba abin kunya ba ne a ba masu sana'arsa. Ko garar amarya ake haɗawa, gidaje da yawa aikin suke bayarwa. Alkamar nan sai an jiƙa, an bari ta tashi, an naɗa, an soya, an tsoma a ruwan sukari. Wanda yake marmari ya sa kuɗi.

Mu koma kan Asabar.

Cin abinci a waje ba yau aka fara shi a Kaduna ba. Garin nan tun tushensa na ma'aikata ne. Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da bariki da ofisoshi suka tara mazan da suka baro iyalinsu a garuruwansu. Da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957 sai abin ya ƙaru. Mahaifina a can ya yi aiki, kuma shekara da shekaru abincin ranarsa wurin wata mai tuwo ne a bakin ƙofar masaƙa. Da dare ma ba a ɗaki yake ci ba. A ƙofar gida ake shimfiɗa tabarma bayan magariba, kowane maigida a fito masa da kwanonsa, a haɗa a yi ciyayya. Mahaifiyata ta yi shekara talatin tana tuƙa tuwo ba ta ga lomarsa ta farko ba. Kwano ne ke dawowa, da shi take gane ko miya ta karɓu: in an suɗe ta yi murmushi, in an rage ta ce yau gidan Malam wane sun yi nama. Teburin mai shayi, tukubar mai tsire, mai balangu, duk wuraren maza ne. Abin da yake sabo shi ne namiji ya dubi matarsa ya ce "shirya mu je". Iyayenmu mata ba wanda ya taɓa ce musu haka.

Ke an ce miki har sau uku, sau uku kina cewa ba kya cin abincin titi. Ki saurari yadda kalmar ta sauka a kunnensa. Ya ɗauko abin da yake ganin kyauta ce, wataƙila ma ban-haƙuri ne irin na wanda bakinsa ba ya iya furta "yi haƙuri", aka nuna masa ƙazanta ya kawo. Kin san zafin a ɗaga abin da ka kawo a kushe shi a gaban mutane. To shi ma a gaban 'ya'yansa aka ɗaga nasa. Su kuma yaran suna nan suna koyon darasi: akwai ɓangaren Abba, mai mota da fitilu da sanyin na'ura, akwai ɓangaren Umma, mai tuwo da ɗaurarriyar fuska. Wannan rabon ya fi ba ni tsoro a kan duk shawarmar da ke garin nan.

Sannan in tambaye ki tsakani da Allah. Kin san Asabar ce, kin ga suna neman takalma, me ya sa kike ɗora tukunyar tuwon mutum biyar? Tuwon nan ba don a ci kike tuƙa shi ba. Shaida kike kafawa, don da safe ki buɗe kula ki ce wa zuciyarki "kin gani ko?" Ki daina, gas da tsada. Ku yi yarjejeniya mai sauƙi: ranar da za a ci a waje, a faɗa kafin la'asar, kicin ya huta. In ya ga takardar nan, da wuya fitar ta ci gaba da zama ta kowane mako. Da kanta za ta koma sau ɗaya ko biyu a wata, kuma hakan ya fi wa aljihu da cikin yara. Wata Asabar ɗin ya biyo da tsire ko gasasshiyar kaza, ke ki haɗa zoɓo mai sanyi da 'yar shinkafa, a baje a tabarma ɗaya. Ba kowane daɗi ne sai an shiga mota ba. In kuma tuwo ya kwana bisa kuskure, ai ba asara ba ce: ɗumamen safiyar Lahadi da man shanu da yaji, ba gidan abincin da ke sayar da irinsa.

Ƙaramin da ya ce ba ya son kuka, kada ki ɗauke ta da zafi. Abincin waje a kan gishiri da sukari da mai aka gina shi, harshen yaro kuwa can ya fi saurin karkata. Kada ki tashi dafa masa Indomie daban, nan ne ake ɓata su. Ki ci gaba da zuba masa kaɗan, ba faɗa ba roƙo. Ranar miyar ki ɗora shi kan kujera 'yar tsugune, ki ba shi maburgi ya kaɗa miki kina barbaɗa kukar. Yaron da ya kaɗa miya da hannunsa da wuya ya ƙi ta, shi ne ma zai riƙa shelar cewa shi ya dafa.

Da a ce shi kaɗai yake fita, ya daina cin abincin gida har ranakun aiki, yana shigowa tsakar dare da waya a kife, da wata amsa zan ba ki. Namijin da ke kwasar yara uku, har da mai zubar da askirim a kujerar mota, ba zance ya tafi ba.

Saura kek ɗin, don na san ko me na faɗa sai kin sake gwadawa. Ina ma so ki gwada, amma a ranar da ba Sallah ba, ba kowa a kanki. Hannunki bai manta komai ba. Kek ɗin da ya fara tashi aka ciro shi cikinsa bai kama ba, dole ya lotsa: iskar da ta ɗaga shi ta fice tun ƙwai da fulawa ba su ƙanƙame sun riƙe ta ba. Ko wace gwana ce haka zai yi mata. Sannan aka ɗora shi a yashin da bai ɗau zafi ba, kan gawayi mai ruruwa, ƙasa ta ƙone kafin zafi ya kai sama. Ni ma ya taɓa yi min, daren wata Sallah. Na kankare baƙin da wuƙa, na yayyanka shi ƙanana na jera a faranti, na ce sabon yayi ne. Wata baƙuwa har ta tambaye ni yadda ake yi.

A garin da wuta ba ta da alkawari, ki fara da abin da za ki iya gamawa da shi. In obin ɗinki na lantarki ne kuma ba janareta, tun farko ki tafi ga tukunya. Tsohuwa mai kauri, a zuba yashi mai tsabta busasshe kamar kaurin yatsu biyu, gishiri ma yana yi, a rufe a bar shi ya ɗau zafi kamar minti 15. Ki jera 'yan duwatsu uku a kan yashin, gwangwanin ya zauna a kansu. Garwashi kaɗan a ƙasa, wanda ya riga ya lafa ya yi toka-toka, ki ɗebi wani ki zuba a kan murfi, don kek ta sama da ta ƙasa yake son zafi. Minti 20 na farko kada ki ɗaga murfin ko wa ya yi sallama. Ƙananan gwangwanaye sun fi babba sauƙin sha'ani a tukunya, cikin minti 20 zuwa 25 sun nuna, babba kuwa yakan kai ninkin haka. Ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya, in ya fito a bushe an gama.

Awo kuma, ido ba mudu ba ne ko da ya san kima. A miya ido yana yi, a kek ba ya yi. Bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai 4 manya ko 5 ƙanana, hodar tashin kek (baking powder) ƙaramin cokali 2. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, ƙwai ɗaya bayan ɗaya, fulawa a tankaɗe a juya ta a hankali, ba bugu. Kafin ki zuba hodar ki gwada ta: rabin cokali a ruwan zafi, in ba ta taso da kumfa nan take ba ta mutu, kuma wadda ta kwana a kicin tun Sallar bara sau da yawa haka take. Yawanta ma yana sa kek ya kumbura da sauri ya dawo ya zauna. Cincin ɗin Hajiya ki yi shi mako guda kafin Sallah, ki baza shi a tire ya huce sarai kafin ki rufe roba, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi. Ruwan sukarin dublan ki matsa masa lemon tsami kaɗan don kada ya daskare ya koma tsakuwa.

To, Asabar mai zuwa kada ki jira ya tambaya, tunda ke kika kashe tambayar. Bayan la'asar ki yi wanka, ki ɗauko leshin nan da kike ajiye wa biki, ki ce wa Hanif ya je ya gaya wa Abbansa yau da Umma za a je. In kun zauna ki zaɓi abin da ba kya yi a gida, ki bar wani ya kawo miki faranti ya kuma zo ya ɗauke. Rabonki da haka tun kina amarya. Za ki ɗanɗana ki ji magi ya yi yawa. Za ki hango kuɗin da aka rubuta, kanki ya fara lissafa mudu nawa na shinkafa ke nan. Maganar za ta taho har bakinki. Ki kora ta da ruwan sanyi, ki karɓi cokalin askirim ɗin da ƙaramin zai miƙo miki.